Yarinyar da Aka Gani a Bakin Matsirga

"Kar ki sauke! Talatu, na ce kar ki sauke mani su a ƙofar gida!"

Inna Kubura ce ta fito da muciya a hannu, mayafi rabi a ka rabi yana jan ƙasa. Keke Napep biyu ne tsaye a ƙofar gidanta da ke Ƙofar Guga cikin Katsina, cike da akwatunan lefen ɗanta Nu'uman. Da guɗa aka fita da su daga gidan nan. Yau saura kwana goma sha biyu biki, ga su sun dawo ba ko sallama.

Gwaggo Talatu, ƙanwar Alhaji Abbas uban amarya, ta gyara tsayuwa tana kallon gefe.

"Inna, ni 'yar aike ce. Yaya Alhaji ya ce a gaishe ki, ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

"Gaisuwarshi ta koma mashi! Me ɗana ya yi maku?"

"Haba Inna... abin da duk gari ya sani?"

"Ni ban sani ba. Faɗi in ji!"

Talatu ta rage murya, irin ragewar da duk matan da suka leƙo ta katanga sai da suka ji.

"Direban babbar motar da ya ɗauko shi daga bakin ruwan nan na hanyar Jos, ɗan unguwarmu ne. Ya ce ba shi kaɗai ya iske ba. Akwai yarinya... ta rufe fuska da hijabi tana kuka, tana kiran shi masoyinta. Yaya ya ce shi ba zai ba mai yawo da mata cikin duwatsu ɗiyarshi ba."

"Ƙarya yake! Daga direban har wanda ya saurare shi!"

Aka jibge akwatunan a zaure, kekunan suka juya suka bar ta tsaye da muciya.

Ba ta ko kalli kayan ba ta faɗa ɗakin da Nu'uman yake kwance.

Nu'uman autanta ne, kuma shi kaɗai ne namijin da Allah ya bar mata. Ubansa ya rasu yana rarrafe, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta raine shi har ya zama mai haɗa wa mutane wutar sola. Sati uku ke nan da ya tafi aiki Jos aka dawo mata da shi cikin mota, cinya karye wuri biyu. Ya ce mata yawon buɗe ido ya je wata matsirga, wato inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse, santsi ya kwashe shi. Ta yi faɗanta ta gama, ta kira mai ɗori ya jera mashi kara.

"Auta!"

"Na'am Inna. Na ji komai."

"Wace ce?"

Ya rufe ido.

"Da kai nake! Wace 'yar banza ce ta bi ka dutse?"

"Inna, ba 'yar banza ba ce..."

Ashe akwai ta!

"To wace ce?"

Ya juya fuska bango, hawaye na bin gefen kunnensa.

"Ki yafe mani Inna. Wallahi ban aikata abin da suke faɗi ba. Amma ba zan faɗi sunanta ba."

"Ko ni?"

"Ko ke, Inna."

Kwana uku Inna Kubura ba ta san zama ba. Ta ɗora gyaɗa ta ƙone. Ta shiga ɗaki ta fito, ta leƙa zaure ta dawo, ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta share. Mata na zuwa sayen mai, su tsaya suna, "Ya mai jiki?" idanunsu na kan ƙofar ɗakinsa kamar yarinyar na ɓoye ƙarƙashin gado. Wata ma har da cewa, "Ai yaran yanzu sai addu'a, shiru-shirun nan su ne abin tsoro." Inna ta ƙwace kwalbarta ta juye man, ta ce ta je ta saya gidan da babu yaran yanzu.

Abin da ya fi ci mata rai, an ce Alhaji Abbas bai tsaya a gidansa ba. A ƙofar masallacin unguwarsu ya gaya wa dattawa dalilin fasa auren. Yaron da ko zancen dare bai taɓa zuwa ba! Yaron da in ya shiga gidan mutane ɗaura sola, kansa na ƙasa har ya fito!

Rana ta huɗu, bayan azahar, aka yi sallama da wata 'yar siririyar murya. Mai niƙabi ce ta shigo, ta zube gaban murhu kan gwiwoyinta, ta ɗage niƙabin.

Muhsina ce, amaryar da aka fasa. Ta rame, idanun nan sun kumbura sun yi ja.

"Ke kuma me ya kawo ki? Ubanki ya manta wani abu ne bai dawo da shi ba?"

"Inna..." Ta kama ƙafarta. "Inna ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni ce yarinyar..."

Inna ta nemi turmi ta zauna a kai.

"Sunan ɗiyar Yaya Sadiya na je Jos, kin sani. Shi ma aikin akwai shi, bai yi maki ƙarya ba. Ni ce na ga hoton wurin a waya. Na ce mashi ni tunda aka haife ni ban taɓa ganin ruwa na faɗowa daga sama ba in ba na indararo ba. Ya ce a'a, Abba ko zaure bai yarda mu wuce ba. Na yi fushi, na kashe wayata kwana biyu. Shi ne ya ce to, awa ɗaya tak mu dawo..."

Tana kuka tana ba da labarin. Motar haya suka hau suka gangara Hawan Kibo, suka sauka bakin titi. Tun daga titin ake jin ƙugin ruwan ba a gan shi ba. Wata 'yar hanya ce ta ratsa tsakanin duwatsu biyu, dogaye har sun kusa haɗe kai, itatuwa sun tsiro a jikinsu kamar an liƙa. Ita da takalmin biki da doguwar abaya, shi da shadda da hula, sai ka ce masu zuwa gaida surukai. Yana gaba tana baya, ko hannunta bai riƙe ba. In sun zo inda ke da tsayi sai ya miƙo mata sanda ta kama. Suna haki suna dariya har suka zagaye wani dutse, sai ga shi... fari fat, kamar an kwance bandir ɗin yadi daga sama, feshinsa na dukan fuska da sanyi.

"Sai na ga azahar ta yi. Na ce bari in yi alwala da ruwan nan, in samu abin ba 'ya'yana labari. Na tuɓe takalmi, na taka wani dutse kore shar a bakin ruwan. Na zaci ciyawa ce mai laushi, Inna, kamar darduma..."

"Gansakuka!" in ji Inna. "Yo wa ya gaya wa ɗiyar Katsina koren dutse santsi gare shi? Mu da muka saba da rairayi da buta!"

"Ina sunkuyawa ƙafata ta tafi. Ya finciko hijabina ya wurgo ni baya, shi kuma tashi ƙafar ta tafi... Na ji ƙarar ƙashin, Inna. Har yanzu ina jin ta."

Ba takalmi ta ruga titi ta tare babbar mota. Da direban ya buɗe baki ta ji Hausar gida ce, sai ta ja hijabi ta rufe fuska. A ƙofar asibiti Nu'uman ya haɗa ta da Allah ta koma gidan yayarta kafin a nemi inda take.

"Kuma kika tafi?"

"Na tafi..."

"Kuma aka kwaso lefenki a gabanki kina kallo?"

Muhsina ta kifa kai a ƙasa.

"Muhsina?" Muryar Nu'uman ce daga ɗaki. "Muhsina, ke ce?"

Ta tashi ta tsaya bakin ƙofa, labule tsakaninsu. Inna ba ta matsa ko nan da can ba. Gidanta ne, kuma kunnenta ne.

"Sanyin idona, me ya fito da ke? In Abba ya sani fa?"

"Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Ke ce ba ki cin abinci, daga muryarki na ji."

"Ta ina abinci zai wuce? Ana zaginka saboda ni! Jiya Abba ya kira ni ya ce in gode wa Allah da ya tsare ni daga mayaudari. Ya dafa kaina, ya ce ni ce ɗiyar da ba ta taɓa ba shi kunya ba... Na buɗe baki, Nu'uman, wallahi na buɗe, maganar ta ƙi fita!"

"Kar ta fita. Ni namiji ne, za a yi surutu a gaji. Ke in ya fita, har jikokinki sai an gaya masu."

"To auren namu fa?"



"In rabona ce ke, Muhsinata, ko a kan sanda zan zo in ɗauke ki. In kuma ba rabo... gara in rasa ki da mutuncinki."

"Ni ba na son mutuncin da babu kai a ciki!"

"Ya isa!" Inna ta miƙe. "Kun ishe ni da koke-koke. Ke rufe fuskarki ki tafi gida. Gobe ina nan zuwa."

"Inna don Allah!" Har ya yunƙura zai tashi, zafi ya mayar da shi. "Inna na roƙe ki, kar ki faɗi sunanta!"

"Da ka san roƙo da ka roƙe ta ta bar dutse inda Allah ya ajiye shi."

Uwar ango ba ta zuwa gaban uban amarya ta yi magana. Maza ake turawa. To wane namiji? Ƙanen mijinta da ta aika tun shekaranjiya, shayi aka ba shi ya sha ya dawo yana, "Sai haƙuri." Washegari da hantsi ta yafa babban mayafinta, ta taka da ƙafa har gidan Alhaji Abbas a Ƙofar 'Yandaka. Duk hanya tana jera maganar a bakinta. Za ta faɗa! Za ta faɗa ɗaya bayan ɗaya, ta ga inda mai farin gilashin nan zai sa fuskarsa.

A falo ta iske shi da jarida. Tsohon shugaban makaranta ne, mutum mai tsare gida, wanda ko tarinsa aka ji sai yara su nutsu.

"Hajiya, barka da hantsi. Ina kwana? Ina gajiya? Ya mai jiki?"

"Ban je Makka ba, kar ka ba ni abin da ban da shi. Mai jiki kuma yana inda ka jefar da shi."

Ya cire gilashi.

"To Inna. Me ke tafe da ke?"

"Sunan ɗana na zo karɓa. Ɗiyarka taka ce, ka ba wanda ka ga dama. Amma sunan da ka ɗauka ka kai ƙofar masallaci ka yaga, shi za ka ɗinke ka ba ni."

"Ni ban yi mashi ƙazafi ba. An gan shi da mace. Na aika a tambaye shi, ya ce ba zai faɗa ba. Mai gaskiya na ɓoye suna?"

"Ka ji daga bakin direba ka yanke hukunci! Ka taka ka je ka dubi idon yaron? Shekara biyu yana durƙusa maka, ka taɓa kama shi da ƙarya?"

"Shi ya sa abin ya yi mani ciwo." Muryarsa ta ɗan karye, ya gyara. "Ni ɗiyata tarbiyya na ba ta. Ko kallon ƙofa ba ta yi sai da izinina. Ba zan kai ta inda za ta yi kuka ba."

Daidai nan Muhsina ta shigo da ruwa a faranti. Ta durƙusa ta ajiye, ta kasa tashi.

"In kin san yarinyar, faɗi sunanta," in ji Alhaji. "In ta tabbata ba abin da ake zato ba ne, ni mai ba da haƙuri ne. Wace ce?"

Ga shi nan. Abin da ta tako tun daga Ƙofar Guga don shi ke nan. Sunan na kan harshenta, har ta ja numfashi.

Sai ta dubi ƙeyar yarinyar. Ta dubi tafin ƙafarta da ya leƙo ta ƙarƙashin zani, duk sawun yankan dutse, bai gama warkewa ba. Da ƙafar nan ta ruga titi ta ceto mata ɗa.

Inna Kubura, wadda tunda take ba ta taɓa haɗiye magana ba, ta haɗiye wannan.

"Ni ma ba zan faɗa ba."

Alhaji ya yi murmushin takaici, ya mayar da gilashinsa.

"To kin gani. Uwa da ɗa bakinsu ɗaya. Allah ya ba shi lafiya, a gaida gida."

Ta miƙe, idonta na yaji. Ta kai bakin ƙofa tana laluben takalmi.

"Abba..."

"Tashi ki shiga ciki."

"Abba ni ce."

Inna ta tsaya cak.

"Ni ce yarinyar da aka gani. Ni na matsa mashi ya kai ni, ya ƙi, na yi ta fushi har ya yarda. Ni na taka santsi, ya fizgo ni ya faɗa a madadina. Ko hannuna bai taɓa ba, Abba, Allah ne shaida! Ya yi shiru ne don kar ka ji kunya..."

Jaridar ta zame ta faɗi. Alhaji Abbas ya dubi ɗiyarsa kamar yau ya fara ganinta.

"Ke?"

"Ka yafe mani Abba..."

"Na dafa kanki shekaranjiya. Na ce ba ki taɓa..."

Ta rarrafa za ta kama ƙafarsa, ya janye.

Can ya juyo wajen Inna, murya ƙasa-ƙasa.

"Na zalunci yaronki. Ki yi haƙuri."

"Haƙurin falo ba ya yi mani. A masallaci ka faɗa, a masallaci za ka warware."

"In na warware za su ce to wace ce. Kina so in tsaya gaban mutane in kira sunan ɗiyata?"

"Da ina son a kira sunanta ai da na kira tun ɗazu! Kai ne mai ilimi, ni ko alif ban sani ba. Ka nemo yadda za ka wanke nawa ba tare da ka shafa wa taka baƙi ba. Ni dai Juma'a nake jira."

Ta sa takalmi ta fita.

Ranar Juma'a, bayan an sallame, Alhaji Abbas ya miƙe gaban dattawan da ya gaya wa maganar farko. Ya ce ya yi bincike, ya gano ya zalunci Nu'uman, yana neman gafarar Allah da tasa. Ya ce shaidar abin da ya faɗa ita ce ga liman ga shaidu, a ɗaura auren yanzu. Ƙanen mijin Inna mai shan shayi shi ya karɓa wa ango, yana ta zufa.

Da labarin ya iso gida, Nu'uman ya rufe fuska da matashi ya yi ta kuka kamar yaro.

Muhsina kuwa ba ta sha da sauƙi ba. Kwana tara tana gaida ubanta ba ya amsawa. Ranar da za a kai ta, ta durƙusa gabansa tun la'asar tana kuka, yana kallon bango. Sai da mata suka fara kiran a fito da amarya sannan ya ce, bai dube ta ba,

"Mutumin da ya karye dominki ya kuma yi shiru dominki, kar ki sake sa shi abin da ya ce a'a. Tashi. Allah ya yi maki albarka."

A kan sanduna biyu ango ya tare ta bakin ƙofa, yana tangaɗi, ya ƙi yarda kowa ya riƙe shi.

"Sannu da zuwa, sanyin idona."

"Ka zauna don Allah, kar ka faɗi!"

"In na faɗi ai yanzu ke ce mai tarowa."

Tsakar gida kuwa ta cika da mata, ana ta rabon waina. Gwaggo Talatu ta matso kusa da Inna tana washe baki, matar nan ta yaran yanzu na biye da ita.

"Inna, komai ya wuce, alhamdulillahi. Amma tsakaninmu... wai ita yarinyar bakin ruwan, wace ce?"

Duk kunnuwa suka miƙe.

Inna Kubura ta ajiye ludayi, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ce! Ni na ɗaura hijabi na bi ɗana hawan dutse, na kira shi masoyina. Akwai mai magana?"

Ta ɗauki ludayinta.

"To ku ci waina."